Kyaftin Glover da "Hausawansa": Hafsan Ruwan Ingila Da Ya Riƙe Legas Da Hannun Baƙi

Duk mazaunin Legas da ya taɓa shiga Ikoyi ya san titin Glover Road. Wanda kuma harkarsa ke kai shi cikin tsibiri, wajen Marina, ya sha wuce wani tsohon zauren taro a Custom Street da ake kira Glover Memorial Hall. 'Yan uwanmu masu gadi da masu shayi da 'yan canji suna ambaton sunan nan kusan kullum, amma in ka ce wane ne Glover, amsar ba ta wuce "wani Bature ne na zamanin da."

To jama'a, labarin Baturen nan ya shafe mu ƙwarai. Rundunar sojan Najeriya in za ta ƙirga shekarunta, daga 1863 take farawa, shekarar da wannan mutum ya tara 'yan Arewa 18 a Legas ya damƙa musu bindiga. Sunan da aka sa wa ƙungiyar shi ne "Hausawan Glover". Kun ga ke nan tushen sojan ƙasar nan yana cikin tarihin baƙin Arewa mazauna Kudu. Ya kamata mu san wane ne Glover, me ya sa ya zaɓi mutanenmu, me ya ba su, me kuma ya karɓa a hannunsu.

Yaron da ya shiga jirgi yana da shekara 12

An haifi John Hawley Glover ranar 24 ga Fabrairu 1829 a wani ƙauye mai suna Yateley a kudancin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne. A 1841, yana ɗan shekara 12, aka sa shi aikin sojan ruwa. Haka al'adarsu take a lokacin: yaro ya shiga jirgin yaƙi tun bai mallaki hankalin kansa ba, ya koyi hawan igiya, da karatun taswira, da sarrafa igwa, a hankali ya riƙa hawa muƙami. Sojan ruwa kuwa su ne ƙashin bayan Ingila a wancan ƙarni, da su ta mallaki hanyoyin teku na duniya.

Ya ci jarrabawar zama hafsa a 1849, aka ba shi muƙamin Laftana a 1851. Yaƙinsa na farko mai zafi a ƙasar Bama ya yi shi, wato Bamar nan da kakanninmu suka je yaƙi da Japan shekara casa'in bayan haka. A wani gari mai suna Donabew, ranar 4 ga Fabrairu 1853, mutanen ƙasar suka yi wa Turawa kwanton ɓauna, suka kashe kyaftin ɗin da ke jagorantarsu, shi kuma Glover ya samu mummunan rauni. Da ya warke sai aka tura shi tekun Baltik lokacin da Ingila da Faransa ke yaƙi da Rasha, daga baya aka ba shi riƙon wani ƙaramin jirgi mai aiki da tururi.

Zuwa nan dai ba shi da bambanci da ɗaruruwan ƙananan hafsoshi masu jiran ƙarin girma. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne awon ruwa: ya auna zurfin kogi, ya gane inda duwatsu suke, ya zana taswirar da jirgi zai bi. Wannan sana'a ce ta kawo shi ƙasarmu.

Jirgin da ya fashe a Jabba

Glover ba shi ne hafsan ruwan Ingila na farko da ya taka ƙasar Arewa ba. Kafinsa akwai Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa ta Badagiri, ya mutu kusa da Sakkwato a 1827. Akwai kuma Dakta Baikie, likitan sojan ruwa, wanda a 1854 ya shiga kogin Kwara da Binuwai ya fito bai rasa mutum ko ɗaya ba, saboda ya tilasta wa mutanensa shan kwini don maganin zazzaɓin cizon sauro.

A 1857 Baikie ya sake dawowa a wani jirgi mai suna Dayspring, Glover na cikin hafsoshinsa a matsayin mai awo. A cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanta daga jirgin bayi, wanda daga baya ya zama bishop. Cikin Oktoba 1857 jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya fashe. Duk direban tirelar shanu da ya gangaro ta Mokwa zai haye gadar Jabba, yana wuce wurin da abin ya faru.

Kusan shekara guda suka yi a bakin kogi suna jiran jirgin ceto. Glover bai zauna ba. Ya auna kogin har zuwa Bussa, ya kuma bi ta ƙasa ya ratsa ƙasar Yarbawa tsakanin Kwara da bakin teku. A waɗannan tafiye-tafiye ne ya saba da mutanen Arewa: wasu 'yantattun bayi ne da ya ɗauko daga Saliyo, wasu kuma bayi ne da suka gudu daga hannun iyayengijinsu a Legas da kewaye, suka bi shi da fatan hanyarsa za ta kai su gida. Ya ga juriyarsu a tafiya, ya ga kuma ba su da kowa a ƙasar sai wanda ya riƙe su. Wannan abu na biyu shi ya ajiye a ransa.

Su wane ne Hausawan da ya tarar a Legas?

Mutanen Arewa sun riga Glover zuwa Kudu da daɗewa. Fatake na kai kanwa da fata da dawakai ƙasar Oyo, wasu na wucewa Gwanja sayen goro. Amma mafi yawan waɗanda ke bakin teku a lokacin ba da son ransu suka zo ba. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, a Arewa da ƙasar Yarbawa, sun jefa dubban mutane cikin bauta. Ana sayar da mutum daga hannu zuwa hannu har ya iso Ilori, Badun, Abekuta, Ijabu, Legas. Wasu aka tsallaka da su Barazil, inda bayi Hausawa suka tayar da bore a Bahia tun daga 1807. Wasu aka bar su suna noma da dako da kiwon dawakin manya. Kaɗan daga ciki sun yi sa'a sun ɗaukaka, irin su Oshodi Tapa, wanda asalinsa Banufe ne, ya zama babban jarumin Oba Kosoko.

Legas ɗin kanta sojan ruwa ne suka buɗe wa Ingila ita. A Disamba 1851 jiragen yaƙi suka yi wa garin ruwan igwa, aka kori Kosoko aka naɗa Akitoye. Ranar 6 ga Agusta 1861 aka sa Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin. A lokacin Glover na riƙe da wani ƙaramin jirgin yaƙi da ke sintiri a ruwan Legas. A 1862 aka ba shi muƙamin Kwamanda, ya bar aikin jirgi, a Afrilu 1863 kuma aka damƙa masa riƙon mulkin Legas.

Matsalarsa ta farko ita ce ba shi da soja. Turawa zazzaɓi na kashe su. Sojan da ake kawowa daga tsibiran Karibiyan suna da tsada, kuma ba a ƙarƙashinsa suke kai tsaye ba. In ya ɗauki 'yan gari, ranar da rigima ta tashi da Oba ko da Egba, ba shi da tabbacin inda za su karkata, don danginsu ne a ɗaya ɓangaren. Sai ya tuna mutanen da suka bi shi a hanyar Jabba. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Glover ya juya maganar, ya ci gari da baƙo.

Cinikin a fili yake. Bawan da ya gudo ya shiga rundunar ya samu 'yanci, da albashi, da kaki, da kariyar gwamnati, ubangijinsa ba ya iya zuwa ya kama shi. Shi kuma Glover ya samu mayaƙan da ba su da gida a garin, ba su da dangi a fadar Oba, yarensu daban, da yawansu kuma na jin haushin mutanen da suka bautar da su. Mutum 18 suka zama ɗaruruwa cikin ɗan lokaci. Aikin 'yan sanda da na soja duk su ke yi. Ba kowa ne ya yi murna da su ba, har an riƙa yi musu laƙabi da "Ɓarayi Arba'in".

Goloba a kan kujerar Legas

Daga 1863 zuwa 1872, in ka cire ɗan lokacin da ya yi a matsayin sakataren mulki, Glover ne ke juya Legas. Yarbawa suka mayar da sunansa "Goloba". Mutum ne mai zafin nama, ba ya son jiran umarni daga Landan. Ya gyara tituna, ya jawo 'yan kasuwar gari irin su Taiwo Olowo a jiki, ya kuma yi zaman mutunci da Musulmin Legas. Lokacin da aka kori 'yan mishan daga Abekuta a 1867, shi ya yanka wa Kiristocin Egba da suka gudo fili a Ebute Metta.

Amma babban burinsa shi ne hanyoyin ciniki. Kuɗin gwamnatin Legas daga harajin kaya yake fitowa, cinikin kuma ya dogara ga manja da ke gangarowa daga cikin ƙasa. Egba da Ijabu ke riƙe da hanyoyin, in sun ga dama su rufe. A Maris 1865 mayaƙan Egba sun yi wa Ikorodu ƙawanya. Glover ya ba su wa'adi su janye, suka ƙi, ya tura sojan Karibiyan da Hausawansa, aka harba musu roka, suka watse. Daga ranar Egba suka riƙe shi a zuci.

Akwai wani abin da ya ƙara hura wutar. Tunda labari ya bazu cewa bawa in ya isa Legas ya tsira, sai bayi suka yi ta gudu daga gonakin Egba da Ijabu. Iyayengijinsu na ganin dukiyarsu ce ke tserewa, sannan a ba ta bindiga a juyo da ita kansu. A 1872 Egba da Ijabu suka rufe hanyoyi gaba ɗaya, ciniki ya tsaya. Glover ya nemi buɗe wata hanya ta gabas, ta Ondo, don ya kewaye su. 'Yan kasuwar da ke asara suka kai ƙara, babban gwamnan yankin na lokacin, Pope Hennessy, ya soke manufofinsa, Glover ya bar Legas a shekarar.

A nan ya kamata mu yi adalci. Ga bawan da aka raba da iyayensa tun yana yaro, wanda aka saya aka sayar kamar akuya, Glover ƙofar tsira ce ta gaske, kuma ba wanda zai zarge shi don ya shige ta. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin kuwa shi ne, duk inda Bature ke son a murƙushe, su za a tura gaba.

Yaƙin Ashanti

Bai daɗe a gida ba aka sake nemansa. A 1873 rigima ta ɓarke tsakanin Ingila da masarautar Ashanti, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Aka naɗa Janar Wolseley ya jagoranci babbar runduna daga Cape Coast, shi kuma Glover aka tura shi gabas, bakin kogin Volta, ya tara mayaƙan ƙasa ya ɓullo wa Ashanti ta gefe. Ya aika aka kawo masa Hausawansa daga Legas, ya kuma shiga ɗaukar sababbi a Akra. Dabarar Legas ya maimaita, wato ɗaukar bayi 'yan Arewa, abin da ya haɗa shi faɗa da masu bayi a garin.

Sarakunan bakin teku sun yi masa alkawarin dubban mayaƙa, amma da lokaci ya yi, kowa yaƙin gabansa ya fi damunsa. Da ya haye kogin Pra a tsakiyar Janairu 1874, waɗanda ke bayansa 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu Hausawa da Yarbawa. Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya tarar Sarki Kofi Karikari ya fice, ya sa wa garin wuta ya juya da sauri saboda ruwan sama da ciwo. Zai koma ke nan ba takardar sulhu a hannunsa. Labarin cewa ga wata runduna na tahowa ta gabas shi ya sa Sarkin Ashanti ya aiko da manzanni suka cim ma Wolseley a Fomena. A yarjejeniyar aka ɗora wa Ashanti tarar zinariya oza 50,000. Glover ya ratsa kangon Kumasi ranar 12 ga Fabrairu.

Daga wannan yaƙi akwai suna ɗaya da ya kamata mu riƙe. Ranar 17 ga Janairu 1874, a wani gari mai suna Abogu, an harbi wani Samanja na rundunar Hausa, wanda takardun Turawa suka rubuta sunansa Braimah Doctor, wato Buraima. Wani hafsa mai suna Sartorius ya shiga cikin ruwan harsashi ya ɗauko shi. Raunin ya yi ajalin Buraima, Sartorius kuma aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Ingila. Dalilin lambar Baturen ne ya sa sunan Buraima ya shiga takarda.

Shi kuwa Glover, majalisar dokokin Ingila ta yi masa godiya, aka ba shi babbar lambar girma, ya zama Sir John. A ƙarshen 1874 gwamnatin Turawa ta yi dokar hana bauta a yankin da take mulki a bakin tekun Gana. Da yawa daga cikin sojan ba su koma Legas ba, suka zauna a Akra da Cape Coast, suka auri matan ƙasar, suka haɗu da fataken goro da malamai. Zangunan Gana na yau suna da jijiya a nan.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan Ashanti bai sake riƙe mulki a Afirka ba. An tura shi gwamnan Newfoundland, wani tsibiri mai tsananin sanyi da yanzu ke cikin Kanada, inda ya zauna daga 1876 zuwa 1881. A wannan tsakani ya yi aure, aka kuma ƙara masa girma zuwa Kyaftin cikin jerin hafsoshi masu ritaya. Daga nan aka mayar da shi tsibiran Leeward a Karibiyan, sannan aka sake dawo da shi Newfoundland. Lafiyarsa ta riga ta taɓu, zazzaɓin shekaru ya ci jikinsa. Ya mutu a Landan ranar 30 ga Satumba 1885, yana da shekara 56. Akwai gari a Newfoundland da ake kira Glovertown don tunawa da shi. A Legas kuma aka aza harsashin zauren Glover a 1887, kuma a cikinsa aka fara nuna majigi a Najeriya a 1903.

Bindigar ta juyo gida

Mutumin ya mutu, dabararsa ta ci gaba. A 1879 rundunar ta zama cikakkiyar 'yan sandan Hausa masu ɗauke da makami, aka kuma kafa irinta a Gana. Turawa suka ƙulla wani ra'ayi cewa "Bahaushe" jinsin yaƙi ne, har Jamusawa da mutanen Sarki Leopold na Kwango suka riƙa zuwa bakin tekun nan neman Hausawa su sa a soja. A 1892 da aka kai wa Ijabu yaƙi, sojan Hausa daga Legas da Gana na sahun gaba. A 1897 da Adimiral Rawson ya ci birnin Benin aka kwashe kayan tarihin fadar Oba, akwai sojan da ake kira Hausa a cikin rundunar. A wannan shekara dai sojan kamfanin Royal Niger suka ci Bida da Ilori.

Daga nan Lugga ya kafa rundunar da ake kira West African Frontier Force, hedikwatarta a Jabba, inda jirgin su Glover ya fashe shekara arba'in da suka wuce. Rundunar Legas ta shiga cikinta ta zama bataliya. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 aka ci Kano. Baƙaƙen sojan da suka fasa ganuwar sun haura 700, Turawan da ke ba su umarni ba su kai 50 ba, kuma da yawa cikin sojan Hausa suke ji. A Maris aka ci Sakkwato, a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Irin waɗannan soja ne kuma aka riƙa turawa sintiri garuruwan kan dutse na kudancin Zazzau, irin su Kagoro, don a tilasta musu biyan haraji.

Hausa ta zama harshen bariki na shekaru masu yawa, har aka samu abin da ake kira Barikanci. Kalmomin soja, kofur, saje, samanja, bariki, fareti, duk ta wannan ƙofa suka shigo bakinmu.

Sunan "Hausa" a bakin Glover

Akwai abin da ake yawan tsallakewa in ana ba da labarin nan. Waɗanda Glover ya kira Hausawa ba duka ne Hausawa ba. Akwai Nufawa, Barebari, Gwarawa, da mutanen ƙananan ƙabilu da yawa. Ma'aunin kawai shi ne ka fito daga Arewa kuma kana jin Hausa.

Mu da muka tashi a Kwoi mun san abin da wannan ke nufi. Garin na mutanen Ham ne, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, mu kuma iyayenmu fatauci ya kawo su. A ƙarni na 19 ƙasashen kudancin Zazzau sun sha hare-haren kamun bayi, kuma masarautu irin su Jama'a da Keffi na kai wa Zariya gaisuwar shekara har da mutane. Yaron da aka ɗauke daga irin waɗannan ƙauyuka, aka sauya masa suna, ya koyi Hausa a gidan ubangijinsa, in aka sayar da shi ya gangara Kudu, ranar da ya isa Legas Bahaushe ne a idon kowa. Saboda haka tarihin "Hausawan Glover" ba na ƙabila ɗaya ba ne, kuma akwai ɗaci a cikinsa da ya kamata mu Hausawa mu yarda da shi: wasu daga cikin waɗanda aka kira da sunanmu a Kudu, hannun mutanenmu ne ya fara raba su da gidajensu.

Har gobe haka sunan yake aiki. Mahaifina fataucin shanu yake yi, kuma duk wanda ya taɓa bin mota daga yankinmu ya san yadda ake cika ta: mai shanu Bahaushe, mai kula da su Bafulatani, direba wataƙila mutumin Kagoro, mai buhunan citta mutumin Ham ne mai zuwa coci ranar Lahadi. A Kafanchan kowa ya san bambancin kowa, har ma akan zubar da jini a kan bambancin. Amma da motar ta haye Jabba ko Lakwaja, suna ɗaya ya rage musu: Aboki. Aikin soja ma bai bar yankin ba. Janar Martin Luther Agwai, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 2003 zuwa 2006, da Janar Christopher Musa, wanda aka naɗa babban hafsan tsaro a 2023, duk 'yan kudancin Kaduna ne, sun riƙe rundunar da ke ƙirga asalinta daga mutum 18 ɗin nan.

Abin da ya rage mana

In wani ya ce mana jiya muka zo Legas, amsar na nan a rubuce: tun kafin a haɗa Najeriya a 1914 da shekara hamsin, 'yan Arewa na tsaron titunan Legas, kuma wasunsu sun riga tutar Ingila isowa garin. Wannan hujja ce mai ƙarfi, a riƙe ta.

Amma a riƙe ɗaya gefen ma. A garuruwa da yawa na Kudu, ganin farko da aka yi wa ɗan Arewa da yawa, cikin kaki aka gan shi, da bindigar Bature a kafaɗa. Ba shi ya shirya yaƙin ba, ba shi ya ci ribar manja ko zinariya ba, amma fuskarsa aka gani. Glover ya samu lambar girma da kujerar gwamna da titi a Ikoyi. Buraima ya samu layi ɗaya a takardar yabon wani.

Dalilin da ya sa Glover ya zaɓi mutanenmu bai mutu ba. Baƙon da ba shi da dangi a gari, ba shi da takardar fili, yana tsoron kora, shi ya fi sauƙin haya. Yau mai hayar yana iya zama ɗan siyasa a lokacin zaɓe, ko mai rigimar fili da ke neman samari, ko wani ɓangare a rikicin shugabancin kasuwa ko tasha. In ƙura ta lafa, masu gari kan shirya tsakaninsu, don gobe ma tare za su zauna. Wanda aka gani da sanda a hannu shi ake tunawa, kuma ba shi kaɗai ke biya ba. Abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha a Badun a 2021, kowanne da sanadinsa daban, amma duk sun nuna abu ɗaya: in wuta ta tashi ba a tambayar wane ne ya yi laifi, ba a tambayar Bahaushe ne ko Ham ko Babarbare. Mai shayi da mai facin takalmi da mai tumatir su ke fara kwasa.

Akwai wata hanyar da mutanenmu suka bi a Kudu, wadda ta fi ta Glover daɗewa da albarka. Ita ce hanyar fataken goro na Agege da Shagamu, da dillalan shanu na Sabon Badun, waɗanda jarinsu amana ce: a ba ka shanu bashi ka biya ranar da ka ce. Malam Umaru Altine fataucin shanu ya kai shi Inugu daga lardin Sakkwato, ya zauna da mutanen gari lafiya, ya shiga jam'iyyarsu, har suka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Ƙuri'a ce ta ba shi kujerar.

Don haka sarakunan Hausawa da shugabannin kara da na kasuwanni, ku san samarin da ke sauka a unguwanninku, ku san wanda ke zuwa ɗaukarsu aiki da irin aikin. Ku kuma matasa, duk wanda ya zo neman ku don kawai ba ku da kowa a garin, ku tambayi kanku ina zai kasance ranar da abin ya ɓaci. Glover dai jirgi ya shiga ya koma Landan.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya sa mu koma gida da mutuncinmu.